Abin da Ke Cin Rolar Malam Labaran

Layukan shafin dama ne suka fara mutuwa kafin su kai ƙarshe. Malam Labaran ya zaro takardar daga bakin inji, ya kai ta ƙofar shago inda haske yake, ya sauke tabarau zuwa karan hanci. Shafin hagu lafiya lau, baƙi wuluk, kowane harafi zaune daram. Na dama kuwa, layi sai ya taso da ƙarfinsa, in ya zo gab da gefe sai ya dusashe, kamar mai ba da shaida da aka taka wa ƙafa. Ya shafa wurin da yatsa. Shatin haruffan yana nan, sun danna takardar yadda ya kamata. Tawada ce ba ta hau su ba.

Abin bai ba shi haushi ba tukuna. Mamaki ya ba shi, kuma ya daɗe rabon da wani abu ya ba shi mamaki a garin nan.

Injin ya girmi Abuja nesa ba kusa ba. Baƙin ƙarfe ne zalla, ba ruwansa da wuta ba ruwansa da fetur. Taka shi ake yi da ƙafa kamar keken tela, sai dai telan da zai taka wannan sai ya ci ya ƙoshi. In an taka feda, wani ƙaton wili ya juya a gefe, bakin injin ya buɗe ya rufe. Yana buɗewa ka zare takardar da ta bugu da hagu, ka sa sabuwa da dama, ka janye hannu. In ka yi nawa, injin bai san bambancin takarda da yatsa ba. A wata tsohuwar maɗaba'a a Zariya Labaran ya koyi aiki a kansa yana saurayi. Da aka rufe ta aka zo miƙa injin ga masu awon ƙarfe, ya ce sai dai a auna har da shi. Haka ya biyo shi a bayan tipa zuwa Dutse Alhaji da ke gefen Abuja, ya zauna a wani shago tsakanin mai aski da kantin Alhaji Ɗangoggo, yana buga katin biki da kalandar lokutan salla, har masu kwamfuta suka ƙwace waɗannan ma.

'Yarsa Yusra ce ke riƙe da hayar shagon da ɗakin da ke bayansa. Ma'aikaciya ce, tana zaune da mijinta a Lugbe, a saman wani bene mai kama da kwalin takalmi. Tun da mahaifiyarta ta rasu take son ta kwashe shi zuwa can, ta ajiye shi gaban talabijin kamar tukunyar fure. Injin kuwa ba zai hau bene ba, kuma 'yan jari-bola sun riga sun leƙo sun auna shi da ido. Farkon damina ta zo ta yanke magana.

"Baba, tun ina yarinya kake cewa injin littafi ne, ni kuma ban taɓa ganin littafin da ya fito daga cikinsa ba. In ya fitar da guda ɗaya cikakke kafin haya ta ƙare, na yarda aiki kake yi, zan sabunta. In bai fitar ba, sai ka haɗa kayanka."

Ta faɗi haka ne don ta tabbata babu mahalukin da zai kawo littafi Dutse Alhaji a jera masa haruffa ɗai-ɗai da hannu. Ba ta san da Madam Mabel ba.

Mabel 'yar kudancin Kaduna ce, tana sayar da abinci a bakin titin Bwari, ita ce kuma shugabar zumuntar mata a wani ƙaramin coci da ke bayan dutse. Matan suna da waƙoƙinsu na Hausa da suka tara shekara da shekaru, ba su cikin kowane littafi. Ta taɓa kai wa masu kwamfuta, damina ɗaya shafukan suka manne da juna, aka ɓanɓare, rubutun wannan ya koma kan wancan. Yanzu irin na da take so, wanda in ka shafa za ka ji shi, kuma tana son sa kafin babban taronsu na shekara, wanda ya faɗo a makon da hayar za ta ƙare. Labaran ya karɓi aikin ba tare da dogon tunani ba. Haruffan dalma ba su taɓa tambayarsa addinin mai aiki ba. Da su ya jera kalandar salla, da su ya jera tallan maganin basir.

Ya koma ciki ya bi abin daki-daki. Haruffa daidai suke, tawada ba ta yi kauri ba. Sai ya ciro rola.

Rola biyu ce, kowace kamar muciya mai kauri, su ke ɗauko tawada daga faifan sama su gangaro su shafa wa haruffa. An daɗe da daina kawo na roba masu shiga wannan inji, don haka Labaran ke dafa nasa yadda aka koya masa: a jiƙa ganda, a dafa har ta narke ta zama gam, a tace, a zuba mazarƙwaila da ɗan gilisarin na kemis, a juye cikin bututun da aka shafa wa mai, da sandar ƙarfe a tsakiya. In ta kama ta sha iska na makonni, sai ta fito sumul, da taushi kamar kuncin jariri. Aikin rani ne. Da damina haɗin ba ya kamawa, sai ya tsaya tsakanin kunu da tuwo. Wato waɗannan biyun da ya zuba kafin saukar ruwa, su ne ke nan har kaka.

Ga shi kuwa an ci bakinsu. Gefen dama na kowace an gutsure shi, an bar ƙarfen a waje, shi ya sa ba sa kaiwa ƙarshen layi.

Ɓera, ya ce. Ba yau ɓera ya fara son ganda da zaƙi ba, shi ya sa kowane mai buga littafi yake kwana da rolarsa a akwatin ƙarfe, kuma haka Labaran yake yi. Lokaci ɗaya kawai suke zama a fili. In rana ta take sukan yi laushi, sai ya cire su gab da azahar, ya goge da kananzir, ya jera a kan katako bakin tagar baya inda iska ke shigowa ta tsakanin ƙarafa, ya tafi masallaci. To wane irin ɓera ne ke fitowa da tsakar rana, ya zaɓi lokacin salla, warin kananzir bai dame shi ba, kuma bai ci ko'ina ba sai ɓangaren da ke kallon taga?

Mai hankali da sai ya ɗauke su daga tagar, magana ta ƙare. Labaran ba hankali ya rasa ba. So yake ya sani. Ya kwance firam ɗin da ke riƙe da haruffa, ya matsar da shafukan biyu hagu kaɗan yadda abin da ya rage na rolar zai rufe su, ya ci gaba da aiki. Da azahar ya mayar da su inda ya saba, ya ɗana tarko da kan busasshen kifi. Ya dawo ya tarar da kifin yana nan, an kuma ƙara gutsurar rola. Washegari tarkon ya kama ƙadangare, wanda ko a ido ba shi da laifi.

Sai ya tuna dabarar maigidansa na Zariya. Ya je wajen wata mai sayar da saiwoyi ya sayo ɓawon maɗaci, ya hura gawayi a ƙofar shago, ya dafa har ruwan ya yi ja ya yi kauri. Yana cikin juyawa Alhaji Ɗangoggo ya fito daga kantinsa yana dafa bango. Bakano ne, mai jiki, mai sayar da kayan masarufi, a wurinsa ma Labaran ke sayen mazarƙwaila. Ciwon gwiwa ya daɗe da kama shi, har a masallaci kujerar roba yake zama a ƙarshen sahu. Tsakaninsa da Labaran kuwa sai abin da ke tsakanin Bakano da Bazazzagi.

"Bawana, me ake dafawa ne ba a sanar da iyayen gida ba?"

"Maɗaci ne. Zo ka kurɓa, ko ya wanke maka ƙaryar kasuwa."

"Maɗaci?" Ɗangoggo ya matso, ya leƙa tukunyar. "A kan haɗin nan naka za a ƙara?"

"A baki-baki zan shafa. Saboda ɓera."

"Saboda ɓera," Ɗangoggo ya maimaita a hankali, yana gyaɗa kai kamar wanda aka raɗa wa wani abu. "Ƙwarai kuwa. Ɓera."

Labaran ya shafe bakin rolar da ruwan maɗaci har sau uku, ya ɗanɗana da harshe, ya tofar, ya wuni yana jin ɗacin a maƙogwaro. Duk dabbar da ta lasa wannan, ya ce, sai ta bar unguwar.

Washegari da ya dawo daga azahar ya daɗe tsaye a gaban tagar. Ba gutsura aka yi ba wannan karon. An zagaye kowace rola an yanke zobe guda, faɗin yatsa biyu, yanka mai kyau wanda ko mahauci sai ya yaba. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta a haske. Wato ɓeran ba ya gudun ɗaci, ƙaruwa ma sha'awarsa ta yi, har ya je ya sayi reza.

A haka Mabel ta same shi, ta shigo da kwanon abinci a hannu tana kallon shafukan da ke shanye a igiya.

"Baba Yusra, sannu da aiki. Littafin nan zai fita kuwa? Mata suna damu na, kowane Lahadi sai tambaya."

"Zai fita, Madam."

"Na gan ka kana duba wannan abu kamar ya mutu ne."

"Bai mutu ba. Cinye shi ake yi."

"Wa zai ci wannan? Abeg, oga, kar ka ba ni hawan jini. Na riga na faɗa a gaban kowa da kowa."

Saura kusan sulusin littafin. Abin da ya rage na rolar da ƙyar yake rufe shafi biyu, ko da an matse su sun haɗa kafaɗa. Yanka ɗaya nan gaba, shi ke nan. Ya san haka sarai, kuma da azahar ta yi ya sake jera su a bakin taga. Akwai mutanen da gara su rasa gida da a bar su da tambaya.

Reza ta sa ya fara zargin mai aski. Ya je ya zauna aka yi masa askin da ba ya bukata, yana ta baza hanci, bai ji komai ba sai warin sabulu da man kai. Ya zagaya bayan shago ya duba ƙasa, ruwan sama ya wanke sawu. Tagar ta fi ƙarfin yaro, sai babba, babban ma mai dogon hannu. Kuma me babba zai yi da gam mai ɗaci da warin kananzir? Nan tunaninsa ke tsayawa kullum. Ya karanta littattafai da yawa a rayuwarsa, yawancinsu a juye, harafi-harafi, amma babu wanda ya yi maganar wannan.

A masallaci amsar ta zo ta same shi. An tayar da salla, an yi raka'a ɗaya, sai wani ya shigo da sauri ya tsaya a gefensa yana haki. Ɗangoggo ne, kuma a kan tabarma, ba a kujera ba. Da aka yi ruku'u wani wari ya bugi hancin Labaran, warin da ya sani kamar na rigarsa. Ya yi ta kokawa da zuciyarsa ta koma kan salla. Da aka zauna tahiya idonsa ya sauka ƙasa, sai ga jerin kiyashi sun taso daga gindin bango, sun ratso tabarma a layi, sun kewaye ƙafarsa shi Labaran kamar ba su gan ta ba, sun haye wandon Ɗangoggo, sun taru a gwiwa. Can gaba kaɗan, mai shayin bakin titi yana ta sosa tasa gwiwar da gefen hannu.

Aka sallame. Labaran ya jira aka shafa addu'a, ya kama hannun rigar maƙwabcinsa.

"Alhaji, zo ka raka ni shago. Na kama ɓeran."

Ɗangoggo bai yi musu ba, bai kuma ji kunya ba, abin da ya fi ba Labaran haushi ke nan. Ya zauna a kan benci, ya kaɗe kiyashi, ya ce ai shi ya san za a zo nan.

"Kai ka jawo, Malam. Shekara nawa muna tare? Kana gani ina salla a kujera kamar wani gwamna. Kai kuma ka girme ni, amma ka wuni kana taka ƙarfen nan kamar ɗan acaɓa. Muna da ido fa. Mun ga abin da kake dafawa, ganda, mazarƙwaila, da wani abu a kwalba. Na tambaye ka, ka ce na inji ne."

"Na inji ne."

"Yo ai haka za ka ce. Wa ya taɓa ba da asirinsa a tambaya ɗaya? Da na gutsura na gwada, na ji dama-dama. Rannan kuma na ga ka ƙara maɗaci, na ce alhamdu lillahi, yanzu aka kammala haɗin. Magani ai sai da ɗaci."

"Me kake yi da shi?"

"A narka a ruwan zafi. A shafa rabi."

"Ɗaya rabin fa?"

Ɗangoggo ya dubi rufin kwano.

"Sha kake yi? Da kananzir ɗin? Da tawadar?"

"Ana ɗaurayewa mana. Kai ma ka san ba a banza na bar tukunya na bi wannan ba. Wancan na tukunya ganda ce kawai, ko matata ta iya. Wannan kuwa ya bi ta kan rubutu, safe da yamma, ya sha ya ƙoshi. Ka taɓa ganin allon da aka rubuta aka wanke sau dubu a wuni? Kuma rubutun malami, Bazazzagi. Ku ba ku da komai sai karatu, wannan kam mun bar muku."

"Mai shayi fa?"

"Sadaka na ba shi. Da ladan."

"Bakano da sadaka."

"To, ladan dai sadaka ne."

Labaran ya zauna a hankali. Haushin da ya taho da shi ya nemi hanya ya rasa, don abin ya fi ƙarfin haushi. Makonni shafukan nan suna shanye a igiya, iska tana kaɗa su har bakin ƙofa, Ɗangoggo yana wucewa ta ƙarƙashinsu kullum yana sunkuyar da kai kada hularsa ta taɓa. Mutanenmu sun girmama rubutu har suna shan sa. Karantawa ce dai ba su kai ga yi ba.

Ya miƙa hannu ya zaro shafi ɗaya daga igiya. "Karanta mini. Ka yi makaranta ai."

Ɗangoggo ya nisanta takardar daga fuska, ya fara da murya irin ta mai karanta addu'a. Ya yi layi ɗaya. A na biyu muryar ta ragu. A na uku ya tsaya, ya duba saman shafin, ya duba ƙasa, ya juya bayansa.

"Wannan ai… na su Madam ne."

"Na su Madam ne."

"Duka?"

"Tun daga bango."

"Inna lillahi." Ya ajiye takardar a kan benci da hannu biyu, ya dafe ciki. "Malam, tun yaushe?"

"Tun kafin ka fara gutsura. Ka sha waƙoƙin shiga coci, ka sha na baiko, jiya ina jin na girbi ka sha."

"Ladan," in ji Ɗangoggo da ƙaramar murya. "Wallahi kar ka gaya wa ladan."

"Sauran magana," in ji Labaran. Ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama har cinya. Gwiwar tana ɗaure da tsohon bandeji, da ya warware kuwa sai ga ta a kumbure, tana sheƙi kamar gwanda. "Ga gwiwar da kuke hassada. Da asuba sai na yi rarrafe nake kaiwa ga buta. Ina takawa ne don in na tsaya za a kai ni Lugbe."

Ɗangoggo ya daɗe yana kallon gwiwar. Sannan, da yake Bakano ne, ya ce, "To ni dai tawa ta yi sauƙi."

"Madalla. Za mu gani."

Don kuwa yankan ranar ya riga ya gama aiki. Abin da ya saura a jikin sandunan ba zai rufe shafi biyu ba ko ta wane hali, sai ɗaya. Ma'ana duk abin da ya rage na littafin sai an buga shi shafi ɗai-ɗai, takun da za a yi ya ninka, kwanakin kuma ba su ninka ba. Labaran ya san ƙafarsa. Ba za ta kai ba.

"Gobe da hantsi ka bar wa yaranka kanti," ya ce. "Tunda ka shanye rolar, sai ka biya da gwiwar da ta warke."

Abin da bai faɗa ba shi ne, a ƙa'idar aikin mai sa takarda shi ke taka feda. Ƙafarka ta san inda hannunka yake. In ka ba wani feda, ka ba shi yatsunka ne ya riƙe maka. Maigidansa na Zariya bai taɓa yarda da haka ba ko da ɗan cikinsa, kuma duk da haka da yatsa tara aka binne shi.

Da hantsi Ɗangoggo ya zo, ya tuɓe babbar riga, ya tsaya a gefe ya ɗora ƙafa. Labaran ya jawo doguwar kujera ya zauna a gaban bakin injin, takardu a damansa. Ya tura wilin da hannu.

"Taka. A hankali."

Ɗangoggo ya taka kamar mai korar ɓarawo. Bakin injin ya buɗe ya rufe kafin Labaran ya daidaita takarda, ya fizge hannu, ƙarfen ya kama bakin hannun rigarsa ya tauna ya saki. Suka tsaya suna kallon yadin da ya huje.

"Ba kasuwar Kwari ba ce," in ji Labaran. "Ba mai riga ka. Kana da abin da kake ja a carbi?"

"Istigfari."

"Ya dace da kai. Kowane ɗaya, taku ɗaya. Kada ka gaggauta, kada ka tsaya ba ka gaya mini ba, ko kanti ne ya kama wuta."

Aka sake. Astagfirullah, bakin ya buɗe, hagu ta zare, dama ta sa. Astagfirullah, ya rufe. Da farko Labaran yana jefa takardar ne yana janyewa kamar mai taɓa garwashi, shafuka da dama suka karkace aka zubar. Can sai kunnensa ya daina sauraron ƙarfen ya koma sauraron numfashin mutumin da ke gefensa, hannun kuma ya saki jiki. Shafin ya fito cikakke, kowane layi ya kai gidansa.

Da rana Mabel ta leƙo, ta tsaya a ƙofa baki buɗe.

"Alhaji! Kai ne kana buga mana waƙa? Kai, Allah ya albarkace ka!"

"Madam, ƙafata ce kawai," in ji Ɗangoggo, bai fasa taku ba. "Ni ba na ciki. Astagfirullah."

"Kada ki sa shi magana," in ji Labaran.

Haka suka yi ta yi. Gwiwar da ta warke ta kumbura a kwana na biyu, Ɗangoggo ya koma kujerar roba a masallaci, amma da hantsi sai ga shi, yana ɗingishi yana zagin Zazzau da duk wanda ya fito daga cikinta. Mai shayi ya karɓe shi wasu lokutan, bayan an yi masa bayanin abin da ya sha. Ladan dai ba a gaya masa ba. Matan zumunta suka riƙa zuwa da yamma da allura da zare, suna ninke shafukan da suka bushe suna ɗinkewa a kan tabarma a ƙofar shago. Rolar kuwa a akwatin ƙarfe take yin azahar yanzu, da kwaɗo.

Ranar Asabar ɗin ƙarshe Yusra ta iso, da manyan jakunkuna biyu a bayan mota, irin waɗanda ake kwashe tsoho da su. Ta shigo da maganarta a baki, sai ta ga abin da ake yi: mahaifinta a zaune, ƙafa ɗaya miƙe a kan kwali da bandeji a fili, hannunsa yana shiga bakin ƙarfe yana fita, wani mutum dabam kuma yana takawa ido rufe. A shagon nan ta girma. Ta san abin da ke faruwa in aka firgita mai taku. Ta haɗiye maganar, ta tsaya jikin bango, jakar hannunta a ƙirji.

Ba a kula ta ba. Tarin farar takarda ya yi ta raguwa a dama, na bugaggu yana hawa a hagu, har ya fara karkata zai zube. Ta ajiye jaka ta matso a hankali, ta riƙa kwashewa tana shimfiɗawa a kan tebur yadda ba za su shafi juna ba. Da takardar ƙarshe ta fita Labaran ya ce, "Tsaya," Ɗangoggo ya sauke ƙafa ya zube a benci, wilin ya yi ta juyawa shi kaɗai har ya gaji.

Mabel ta miƙo mata ɗaya daga cikin waɗanda aka riga aka ɗinke, saura shafin ƙarshe a liƙa. Yusra ta buɗe, ta shafa, ta juya, ta kai hanci ta sansana. Ta daɗe a kan wani shafi, da alama karantawa take yi.

"Baba, ba kai ka taka ba."

"Cewa kika yi inji ya fitar. Ba ki ambaci ƙafa ba."

"Wannan gwiwar tun yaushe?"

"Tambayi Alhaji, shi ne likitan gwiwa a layin nan."

"Hajiya, kar ki biye masa," in ji Ɗangoggo daga benci. "A taimaka mini da ruwa."

Ta dubi injin, ta dubi hujin da ke hannun rigar mahaifinta, wanda bai ga dalilin canzawa ba. Ta rufe littafin.

"Zan sabunta," ta ce. "Amma Litinin zan zo mu je asibiti a duba ƙafar nan, kuma ba roƙo nake yi ba. In likita ya ce ka daina taku, ka daina."

"In ya ce."

"Madam, wannan zan tafi da shi."

"Bai gama ba, 'yata, saura shafi ɗaya."

"Zan jira," in ji Yusra. Ta jawo kujera ta zauna, ta ciro waya ta kira direba ta ce ya juya motar, ya nemi inuwa.